Makullin da Ba Mu Gwada Ba

Daren Laraba, tsakiyar damina

Kafaɗata ciwo take, da ƙyar nake riƙe biro. Amma alhamdu lillahi, ɗiyata Hajaru ta sauka lafiya, an samu mace.

Tun bara nake damun kwamitin ɗakin shan maganinmu: idan ruwa ya tare malamar asibiti a Kalgo, wa zai buɗe ƙofa? Suka ce, "Baba Sanda, tun da ka shiga ajin yamma ka hana mu sakat." Duk da haka aka yanko makulli na biyu, aka ba ungozoma, Inna Kulu.

Yau ruwa ya cinye hanya, naƙuda ta tashi. Inna Kulu ta zura makulli, ya ƙi juyawa. Ashe an sauya kwaɗon ƙofar da rani, babu wanda ya tuna da ita, har ni. Hajaru na durƙushe cikin ruwa, ina ta dukan kwaɗo da gatari har ya ɓalle, muka shiga da ita.

Da Inna Kulu ta miƙo mini jinjirar, cewa ta yi, "Ga amaryarka, mai fasa ƙofa."

Na gaji. Gobe zan sayo kwaɗo, kowa sai ya gwada makullinsa a gabana.