Tubalan Roba Cikin Bidon Aya

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Kwalayena sun iso daga Maraɗi, guda bakwai, ɗaure bayan moto, babur ɗin abokina Garzali. Alhamdu lillahi. Tun muna lakol, makarantar boko, Garzali ya fi mu hancin kasuwa, kuma shi ya buɗe mani ido kan wannan harka. Kayan wasan Turawa ne, 'yan tubalan roba da ake harhaɗawa a gina mota ko gida. In masu yinsu suka daina fidda wani iri, wanda ke da shi a kwali rufe shi ke yanka farashi. Wai a Yamai akwai masu nema, manyan mutane da gemunsu, tarawa suke.

Ni da matata Baturiya mun raba aikin rufin ɗakinmu, tunda daminar da ta wuce da kwanonin abinci muka yi ta tarar ruwa a kan gado. Ita katako da ƙusa da kuɗin kafinta, ni kwanon rufi. Kafin ruwan farko kowa ya kawo nashi. Ita ta zuba kuɗinta a aya, sana'ar gidansu a Cadawa. Ni na zuba nawa a kwali.

Ta ɗauki ɗaya ta girgiza kusa da kunne. Ta ce, "Mushe, wannan ci ake ko shafawa?" Haka take kirana kamar 'yan ajina, Mushe, wato malam. Na ce ba za ta gane ba, harkar sai wanda ya yi lakol. Ta ce to. Ban son wannan "to" ɗin nata.

Talata, 3 ga Disamba

Na jera su a ɗakin ajiya, jikin bango, nesa da bidunan ayarta, jarkokin nan na roba. Kullum in na dawo daga lakol sai na leƙa na share masu ƙura. Baturiya ta ce ko ranar da aka kawo ta ba ta samu wannan kulawa ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Garzali ya turo mani hoto a waya. Babban kwalin cikin nawa, mai gidan sama hawa uku da shago a ƙasa, an daina yinshi! Na yi ta zagaya tsakar gida ina dariya ni kaɗai. Na nuna ma malaman lakol duka, har darekta shugabanmu, wanda ya ce, "Mushe Tanimu, ka dai rufe ɗakin tukuna." Hassada ce.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Farashin aya ma ya ɗan motsa, in ji Baturiya. Motsi dai.

Lahadi, 6 ga Afirilu

Gobe sai Maraɗi, an kira mu horon malamai na sati guda. Na ce ma Baturiya ta sa ido kan kayana. Ta ce kamar nata za ta riƙe su.

Asabar, 12 ga Afirilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 13 ga Afirilu

Jiya hannuna ya ƙi rubutu. Bari in rubuta yanzu, ko zuciyata ta sauka.

Na dawo, ko ruwa ban sha ba na nufi ɗakin ajiya. Bango fayau, ba kwali ko ɗaya. Baturiya ta biyo ni tana murmushi, irin na wadda ke jiran a sa mata albarka. Gara ce ta hau bangon ranar Talata, har ta fara cin gindin kwali biyu. Da ta gani sai ta yi abin da ake yi ma duk kayan kirki a gidansu. Ta farke kwalayen bakwai, ta tarar da 'yan ledoji ciki, ta ga ba za su shiga bakin bido ba, ta farke su su ma. Ta juye komai cikin bido biyu, ta sa leda a baki ta ɗaure murfi tamau, yadda take ma aya. "Ko ƙwaro ɗaya ba zai shiga ba," in ji ta. Jirgin ruwa da tarakta da gidan sama, duk sun zama dangi ɗaya.

Kwalayen fa? Biyu gara, uku ta shimfiɗa ma kaji, sauran ta hura wuta da su. Littattafan da ke ciki kaɗai suka tsira, don ta ce ba a ƙona takarda mai rubutu. Suna nan cikin littattafaina na lakol.

Na ɗaga murya, har maƙwabta suka ji. Na ce kwalin shi ne kuɗin! Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Ka taɓa gaya mani?" Wata biyar ina share kwali a gabanta, ban taɓa gaya mata ba.

Tuwon dare ya zo, miya ta yi daɗi, amma kowa ya ci nashi a gefe.

Litinin, 14 ga Afirilu

Garzali ya yi dariya har sai da na kashe wayar. Ya sake kira, dariyar ba ta gama sakinshi ba. Ya ce farashin rufaffe dai ya tafi, sai haƙuri. Amma akwai wani Alhaji Ubaidullahi a Yamai da ke sayen buɗaɗɗe, in dai ba ƙwaya ɗaya da ta ɓata kuma littafin na nan. Sharaɗinshi a gina kowane ɗaya a turo hoto, ya ga ya cika. In duka bakwai suka shiga, kuɗin kwano zai fito da ƙyar. In ba su shiga ba, bana ma mu da kwanonin abinci a kan gado, kuma duk garinmu Gazawa za a san dalili.

Laraba, 16 ga Afirilu

Na juye bido ɗaya kan tabarma bayan la'asar. Wayyo Allah. Sun fi dubu nawa, wasu ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Na yi awa biyu ina neman wani ɗan ja mai ido huɗu. Na gina rabin taya.

Baturiya na tsintar shinkafa can gefe, ba ta ko kallo na. Ƙarya ne, tana kallo.

Juma'a, 18 ga Afirilu

Yau ta gaji da ganina. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Matsa, Mushe, kana ba ni ciwon kai." Ta ɗauko rariyoyin da take tankaɗe aya da su, mai manyan ido da mai ƙanana, ta zuba ta girgiza. Ƙanana suka zube ƙasa, manya suka tsaya. Ta ɗauko faifai da kwanoni ta shiga ware launi, hannu biyu na aiki, tana ma hira da maƙwabciya ta kan katanga. Kafin magariba komai ya koma gidanshi.

Na ce ai da ma haka na yi niyyar yi. Ta ce ta sani.

Talata, 22 ga Afirilu

Tarakta ta tashi! Ni na gina, ita ta miƙo. To, ita ta gina injin. Littafin ba karatu a ciki, hoto ne zalla, shi ya sa. Ni sai na tsaya duba lambar shafi, ita kallo ɗaya take ta ce, "Wancan ne, juya shi." Sai in juya ya shige ƙyas. Abin haushi.

Lahadi, 27 ga Afirilu

Zafi kamar a gasa mutum. Babur da motar kashe gobara sun gama. Na taka wani ɗan tubali ba takalmi, na yi ihun da ya tada kaji.

Alhamis, 8 ga Mayu

Labari ya fita unguwa. Matan maƙwabta na shigowa wai aron gishiri, su ɓige da tsayawa kan jirgin ruwa. Tsoho Jaye magini ya zo da sandarshi, ya daɗe yana jujjuya gidan gona a hannu, sannan ya ce duk wanda ya yi wannan tubali ya san aiki, amma ginin da ba laka ba ya yarda da shi ba. Baturiya ta ba shi ya ɓalle bangon ya mayar. Sai da aka kira magariba ya tafi.

Na daɗe ban ji dariya da yawa haka a gidan nan ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Shida sun gama, hotuna sun tafi. Saura gidan sama. Ta ce wannan in bar mata, ni in je in gyara takardun 'yan ajina. Na bar mata don ina da aiki, ba don wani abu ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Kwana goma tana kanshi, kullum tsakanin la'asar da ɗora tukunya. Yau ta kira ni in gani. Gaskiya ya yi kyau, Allah ya sani. Hawa uku, tagogi masu buɗewa, shago a ƙasa da ɗan sikeli da akwatunan kaya. Sai na lura murhu da 'yar tukunya suna waje, ta yi masu rumfa a gefe da ragowar tubali. Na ce littafi ya ce a hawa na biyu suke. Ta ce, "Wa ke girki kusa da gado? Mai littafin bai taɓa shan hayaƙi ba." Ta kuma sa 'yar matar roba mai kai rawaya da ta zo cikin kayan bayan sikeli, namijin ta ba shi tsintsiya.

Da ina ɗaukar hoto ta ce, ba ni take ma magana ba sosai, tun tana yarinya take son shago nata na kanta, mai ƙofa da makulli, ta daina zama bakin bido a rana. Shekara shida muna tare ban taɓa jin wannan ba. Ko ta faɗa ban saurara ba, oho.

Ta mayar da murhun hawa na biyu don hoton Alhaji. Da na gama ta sake fiddo shi waje.

Talata, 27 ga Mayu

Ta sayar da aya a Cadawa, farashi ya yi mata kyau. Katako da ƙusa sun iso kan amalanke, kafinta ya karɓi nashi, ba ta rage ko dala ba. Ba ta yi mani gori ba, kuma wallahi gara ta yi. Hadari ya fara haɗuwa gabas da yamma yana watsewa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Garzali ya zo da amsar Alhaji. Ya yarda da duka bakwai, gidan sama ya fi so. Kafinta ya auna: da bakwai kwano ya rufe ɗaki tsaf, da shida za a rasa falle biyu.

Baturiya ta ce to me ake jira. Ta ɗauko buhu ta zauna gaban gidan don ta wargaza, sai ta ce bari ta duba tukunya. Ta dawo ta zauna, ta ce bari ta ba kaji ruwa. Kajin da ta ba ruwa ɗazu.

Kafin ta dawo na duba da kyau, na ce ma Garzali akwai matsala, ƙofar shagon ba ta nan. Muka kakkaɓe tabarma, muka juye bido, muka leƙa har akurki. Babu. Garzali ya ce a hoto ai tana nan. Na ce to yanzu ba ta nan, kuma ni ba na sayar ma mutum kaya da giɓi, ina da mutunci. Ya dube ni ya daɗe, ya ɗaure shida bayan moto ya tafi yana girgiza kai.

Laraba, 4 ga Yuni

An buga kwano. Wurin falle biyun kafinta ya ja leda mai kauri ya danne da katako. Na ce ya bar giɓin ta gefen teburina, tunda ni na jawo. Darekta ya zo gani, ya ɗaga kai ya ce, "Kusan dai." Na ce kusan ma rufi ne.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ruwan farko, tun bayan azahar! Ƙarar kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Gado a bushe, kayan sawa a bushe, Baturiya ta tsaya tsakiyar ɗaki ta rangaɗa guɗa ita kaɗai. Ledar ta riƙe rabin awa sannan ta fara ɗiga kan teburina. Na kwashe littattafai na sa roba. Ɗis, ɗis, ba laifi, ana iya zama da shi har kaka.

Gidan saman yana kan kabat ɗinta, can gefen da ba ya yoyo. Ajiya ce kawai, irin wannan farashinshi tashi yake, kowa ya sani.

Da ruwa ya tsagaita ta kawo mani shayi. A kan faranti, kusa da kofin, ga 'yar ƙofar shago. Ashe da safe ta wanke shuɗiyar rigata, wadda na sa ranar da Garzali ya zo, kuma ita ba ta jiƙa riga sai ta lalube aljihu. Na sha shayina. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon tsakar gida, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce.

Na tashi na maƙala ƙofar a wurinta. Na sa ta a juye, sai da ta zo ta gyara.