Ƙorafi Kan Birkin Motar Ɗaukar Marasa Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari,
Ƙaramar Hukumar Issawane, Mayahi.

Daga Hanatu Sulaimanu, ungozoma,
Ɗakin shan magani na Gidan Barmo.

20 ga Mayu, 2024

Game da: Fizgar birkin motarmu da binciken Malam Naziru makanike

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kan motar nan a-kori-kura mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda muke kai masu naƙuda asibitin Mayahi da ita.

1. Tun ranar 4 ga Maris, duk lokacin da direbanmu Manzo ya taka birki, sai motar ta riƙa fizga tana tutsu kamar jakin da rina ta harba, sitiyari na karkarwa a hannunsa. Kwamitin lafiya ya miƙa ta ga Malam Naziru, mai garaji a Mayahi.

2. A zuwan farko, Malam Naziru ya gano cewa ruwa ne a cikin gazuwal. Aka juye tanki. Ni ba masaniyar mota ba ce, shi ya sa ban taɓa sanin gazuwal yana gangarawa har cikin taya ba. Motar ma ba ta sani ba, don ta ci gaba da halinta.

3. A zuwa na biyu ya ce ƙafar Manzo ce ke da nauyi, ya umarce shi ya riƙa tuƙi ba takalmi. Manzo mutum ne mai biyayya. Har yau haka yake tuƙi.

4. Ranar 16 ga Afrilu ya gwada motar da kansa. Ya shiga, ya zauna, ya taka birki tana tsaye cikin garaji, ya kuma tabbatar mana ko motsi ba ta yi ba. Na shaida gaskiya ya faɗa. Taya kuwa bai kwance ko ɗaya ba, wai kada a tayar da abin da ke kwance.

5. Ranar 9 ga Mayu muka ɗauko Ramlatu matar Habibu, haihuwa ta zo mata da gardama. Shanu suka ratsa hanya, Manzo ya taka birki. Ina riƙe da ita, amma ta kuɓuce mini, goshinta ya daki ƙarfen mota ya fashe. A gindin gawo ta haihu, hannuna ɗaya na tare jinin goshi, ɗaya na tarbar ɗa. Allah ya raya su duka biyu. Da labari ya kai wa Malam Naziru, sai ya ce girgizar ce ta sauƙaƙa naƙudar.

6. Yanzu matan garinmu sun ƙi motar. Mai zubar da jini ta gwammace amalanken shanu, ga damina ta ƙarato.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo a ba da umarni a kai motar Tessaoua wurin wani makanike, ya kwance tayoyin, ya duba farantan birki da plaket ɗin da ke matse su, ya kuma gwada ta tana tafiya. Idan Malam Naziru ya dage lafiyarta ƙalau, ina roƙon ya zauna a bayanta daga Mayahi zuwa Gidan Barmo ranar kasuwa. Zan zo da zare da allura.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Taka mai biyayya,
Hanatu Sulaimanu