Tsuntsun Bahago

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Antina da yara. Ƙafarka ta daina kumburi?

Yaya, hankalina ba ya jikina. Kwamitin gidan tarihin da nake aiki ya yanke shawarar sauya sunan duk dabbar da ke ɗauke da sunan mutum, kuma tsuntsun Bahago yana cikin jerin. Baba fa! Ɗan tsuntsu mai jan wuyan nan da shi ya fara nuna wa masu bincike a fadama, suka sa masa laƙabinsa. Wasu a kwamitin sun ce jama'a sun saba da sunan, a bar shi. Shugabar sashenmu ta ce a'a, wai Baba ne ya harbe su har suka kusa ƙarewa, ba a karrama maharbi da abin da ya kashe. A gabana ta faɗa, ina zuba mata shayi.

Ka san Inna. Duk farkon wata sai ta hau mota ta zo ɗakin tsuntsaye, ta dafa gilashin, ta sa ni in karanta mata katin sunan tsuntsun tunda ba ta iya karatu ba. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan. Don Allah ka turo min littafin da Baba yake rubuta farautarsa, yana cikin akwatin ƙarfen da ka ɗauka. Da shi zan rufe musu baki. Ranar Alhamis ta sama za su zauna.

Ka gaishe da kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naka? Littafin ya iso jiya, na gode. Da ma ka ƙone shi.

Na zauna a ɗakin ajiya, warin kafur yana hawa kaina, na bi shi shafi-shafi. Yaya, tsuntsayen nan ɗari biyu da goma sha ɗaya ya harbe. Da hannunsa ya rubuta, har da ranaku. Yana harbi, yana feɗewa, yana cusa auduga, yana aika wa masu tara irin tsuntsayen nan. A shekarar ƙarshe ya rubuta cewa ya yi kwana tara a fadama bai ji kukan ko ɗaya ba, kuma bai san dalili ba. Wallahi na yi kuka kamar ranar da muka binne shi.

Kai ka karanta, ko? Shi ya sa ka yi shekaru kana zaune a kan akwatin nan kamar kaza a kan ƙwai. Me ya hana ka gaya min? Na riga na cika baki a gaban kwamiti cewa ina da hujja. Yanzu in na ɓoye, na zama maƙaryaciya. In na miƙa, ni na goge sunan ubana. Ka kira ni, ka yi min faɗa ma in ka ga dama, amma kada ka yi shiru.

Taka, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kuna lafiya, ni dai ga ni nan.

Ba ka kira ba, na miƙa littafin. Ba su ɗauki minti goma ba. Sabon sunan shi ne "ɗan jan wuya na fadama". Kuma ka san wa ke rubuta katunan gidan nan: ni, saboda kyan rubutuna. Sau uku ina ɓata kati.

Inna ta zo jiya da sabon mayafinta. Ta dafa gilashin, ta ce in karanta. Na buɗe baki na faɗi tsohon sunan, tsuntsun Bahago, da ƙarfi, Allah ya yafe min. Ta daɗe tana kallon katin. Sai ta bi layin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ta ce rubutun ya ƙara tsawo, na mijinta bai kai nan ba. Ta gyara mayafi, ta ce ƙafafunta sun gaji da hawa matakalar nan, wata mai zuwa kada in jira ta.

Tun da ta koma gida ba ta ɗaga wayata ba. Yaya, ka taso ka zo. Ni ba zan iya shiga ɗakinta ni kaɗai ba.

Ƙanwarka, Auta