Akwatin Inna Ya Koma Bayan Katanga

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da rumfunan zaɓe na mazaɓarmu ta majalisar dokokin jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, ina neman afuwa da na kawo maganata bainar jama'a. Ba halina ba ne. Ni mai gyaran keken ɗinki ne a wajen Ƙofar Mazugal, hannuna ya fi sabawa da baƙin mai a kan biro. Amma sau uku ina hawa benen ofishinku ina saukowa da "ka dawo wani satin", shi ya sa na ce bari in rubuta a inda ko kai ba ka gani ba, wani da ya san ka zai gani ya gaya maka.

Maganar ta mahaifiyata ce, Hajiya Yalwa, wadda duk lungunmu ke kira Inna. A zaɓen 'yan majalisar jiha da ya wuce ba ta jefa ƙuri'a ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarta tun da aka fara bai wa matan Arewa damar yin zaɓe. Ba rashin lafiya ce ta hana ta ba, ba kuma ƙyuya ba. Ga yadda abin yake.

Na ɗaya. Akwatinmu a ƙofar gidan marigayi Malam Dogo Maɗinki yake tun ina yaro, gida uku daga namu. Idan kana son tarihin zaɓen mazaɓar nan, ofishinku yana da takardu, amma Inna tana da shi a ka. Ta san wanda akwatin nan ya ɗaga da wanda ya sauke, ta san lokacin da lungun ya bi jam'iyya ɗaya kamar an yi masa rantsuwa, da lokacin da ya juya mata baya rana ɗaya. Ana yi mana tsiya cewa mu mutanen cikin gari ba mu da tabbas, yau mu rungumi mutum gobe mu yar da shi. Inna takan ce tabbas ɗinmu guda ne: wanda ya ci ya dawo lungu da ƙafarsa, mu sake zaɓensa, wanda sai fastarsa muke gani, ya je fastar ta zaɓe shi. Ta zaɓi waɗanda suka ci, ta zaɓi waɗanda suka faɗi warwas, ban taɓa jin ta yi nadama ba.

Abin da ba na mantawa shi ne zamanin da ake bin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga kawuna. Ina saurayi lokacin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kwana yana jaddada wa gida layin da za a bi. Da safe ya tsaya a nasa, ya waiwayo, sai ga matarsa a ɗaya layin, ta gyara mayafinta tana kallon gabanta kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Duk lungu ya gani. Abokansa sun yi wata guda suna tsokanarsa a majalisa. Da ya shigo gida yana faɗa, abin da ta ce masa kawai shi ne: "Malam, tuwonka na nan a rufe. Ƙuri'ar kuwa tawa ce." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Wannan matar ce ofishinku ya bari a tsaye.

Na biyu. Mun ji an ce za a rage cunkoso, a raba manyan akwatuna a buɗe sababbi. Mun yi murna, don layin ƙofar Malam Dogo yakan kai bakin titi. Abin da ba mu sani ba shi ne an ɗauke sunan Inna da na wasu dattawan lungun an mayar sabuwar rumfa a harabar wata makarantar Islamiyya. Ni da matata an bar mu a tsohon wuri. Babu wanda ya aiko, babu wanda ya gaya wa mai unguwa. Ranar Asabar ɗin zaɓe muka sani, bayan Inna ta gama zaman jira a kan tabarma an zo kanta, yarinyar da ke riƙe da rajista ta duba ta sake dubawa ta ce, "Hajiya, sunanki ba ya nan." Sai da muka yi ta tambaya kafin aka gaya mana inda aka kai sunan. Ba na ganin laifin yarinyar, ita ma har idonta ya kawo ruwa.

Na uku, kuma nan ne gundarin kukana. Da na je ofishinku daga baya, wani ma'aikaci mai kirki ya juyo mini da allon kwamfutarsa, ya nuna mini taswira. Ya ce, "Malam, ai gata aka yi mata. Dubi, sabuwar rumfar a bayan katangarku take, ta fi tsohuwar kusa." Gaskiya ya faɗa, a taswira. Daga tsakar gidanmu muna jin karatun yaran makarantar, har mun haddace wanda ya fi su kuka. Amma ranka ya daɗe, lungun cikin gari ba a gane shi daga sama. Namu ba ya ɓullewa. A da akwai 'yar ƙofa ta cikin gidan maƙwabtanmu da mata ke ratsawa su faɗa wancan lungun, sai aka raba gado, wanda ya sami ɓangaren ya toshe ta ya yi ɗaki. Yanzu mai son zuwa bayan katangarmu sai ya fita har bakin titi, ya bi gefen kududdufi, ya tsallake kwata a kan katako, sannan ya sake shigowa ta wani lungun. Adaidaita sahu ba ya shiga ko ɗaya daga cikin lungunan biyu. Ni mai ƙafa lafiya sai na yi gumi. Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye, sallah ma a zaune take yi.

Ranar zaɓen mun ce mu samo mai baro ya tura ta. Ta harare ni ta ce ita ba buhun masara ba ce, da ƙafarta ta saba zuwa gaban akwati. Haka muka kama hanya, ni ta dama, matata ta hagu. Ta zauna a dakali uku kafin mu kai titi. A bakin kwatar nan ta daɗe tana kallon katakon, sannan ta runtse ido ta ce in riƙe ta da kyau. Da muka isa makarantar an riga an rufe layi, an zazzage akwati ana ware takardu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta nemi benci ta zauna, katinta a hannu, ta saurari ƙirgar har ƙarshe kamar yadda ta saba, sannan ta ce mu tafi gida. Wallahi da ta yi masifa da ya fi mini sauƙi. Raina ya ɓaci ranar, kuma har yau idan na tuna sai na ji kunyarta, kamar ni na yi mata.

Na huɗu. An ce mini ana iya mayar da ita tsohon akwati, amma sai ta zo da kanta ta dangwala yatsa. Ofishin a saman bene yake. Zuwana na farko aka ce babu netwok, na biyu mai makullin na'ura ya fita, na uku aka ce ba a buɗe lokacin canji ba tukuna. Ban ce ƙarya aka yi mini ba. Na dai ce matar da ta sha wuyar zagaya katanga ba za ta hau bene don a ce mata ta dawo ba.

Wani zai ce ƙuri'a ɗaya ce, me za ta canza? Ban sani ba, wataƙila ba komai. Amma Inna ba yarinya ba ce, ita da kanta take cewa ba ta san ko zaɓe nawa ya rage mata ba, wataƙila ɗaya. Ba na son a ce na ƙarshen da ta fita dominsa shi ne wanda ta kalla daga benci. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Malam Ilu, makaho mai saƙar tabarma a ƙarshen lungu, shi da ya ji inda aka kai shi ko takalmi bai saka ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku, kuma babu mai tsada a ciki. A mayar da sunan Hajiya Yalwa da sauran dattawan lungunmu akwatin ƙofar Malam Dogo. Idan dole sai an rage layi, a ɗauke ni da ire-irena masu ƙafa, mu za mu zagaya. A sauko da na'urar dangwale ƙasa, ko a kawo ta ƙofar mai unguwa rana ɗaya a sanar. Sannan duk lokacin da za a sake raba akwati a cikin ganuwa, a turo mutum ya taka hanyar da ƙafarsa kafin a sa hannu. Idan kai da kanka za ka zo, ranka ya daɗe, ka bar mota a titi, zan tarye ka a bakin lungu mu je bayan katangarmu tare. Inna ta ce a gaya maka akwai fura.

Akwai abu ɗaya da nake son ka sani kafin in rufe. Tun da aka kawo na'urar tantance yatsa, Inna takan bar ƙunshi idan zaɓe ya matso, don an gaya mata lalle yana hana na'urar gane mutum. Da an gama zaɓe, washegari take sa jikokinta su ƙunsa mata. Wannan karon an yi bikin jikarta a Yakasai, an yi sallah, an ƙunsa mata yatsu tara. Babban yatsanta na dama ta hana a taɓa. Na tambaye ta dalili, ta ce ai bai yi aikinsa ba tukuna, kada a aiko daga ofis a tarar ba ta shirya ba.

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi da ka ɗauka, ya ba ka masu gaya maka gaskiya, ya jiƙan iyayenka, ya sa idan tsufa ya zo maka ka sami mai rage maka hanya. Yatsan Inna yana nan fari, tana jiran saƙonka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗan Hajiya Yalwa, mai gyaran keken ɗinki.