Ba a Yanka Giwarka ba, Yaya

Zuwa ga yayana Hamza,

Assalamu alaikum, tare da addu'ar Allah ya yalwata maka makwancinka, ya sanyaya shi. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Na kuma san ko kana raye ba za ka karanta ta ba, domin ba ka taɓa haƙurin wuce layi uku na kowane rubutu ba, balle Hausar boko, wadda ni ma sai da na girma na koye ta daga ƙananan littattafan da ɗaliban Nijeriya suke bar mini idan za su koma gida. Duk da haka da Hausa zan rubuta, domin da ita muka yi dukkan faɗanmu.

Matarka Nafisa tana nan lafiya a gidanku na unguwar Alshajara, nan Khartoum, sai dai gwiwa da ke damunta. Babbar 'yarka ta sauka lafiya, an sami mace. An gyara rufin ɗakin tsakiya kafin ruwa ya sauka, ni na tsaya a kan aikin, kuma na sa an sake shi sau biyu. Mu ma a Alsahafa muna nan ƙalau, ina nan a shagon kayan gyaran mota, a kan kujerar da ka sani.

Amma saboda Giwa na ɗauki alƙalami. Ina nufin ƙarfen da kake ɗagawa, wanda ka haɗa da hannunka daga sandar ƙafar wata matacciyar lori da faya-fayen inji guda huɗu, ka bi su da walda har suka zama abu guda. Tana nan inda ka bar ta, a bayan warshar Usta Babikir, wato shagonsa na walda, ƙarƙashin rumfar kwanon da muke kira nadi, inda muke ɗaga ƙarfe. Ka san ƙa'idar wurin, tunda kana cikin waɗanda suka kafa ta. Ƙarfe yana da wuyar samu, saboda haka duk sandar da ta shekara ba wanda ya raba ta da ƙasa, sai a warware ta, a rarraba faya-fayenta ga sauran sanduna. Giwa kuwa ba ta warwaruwa sai da wutar yanka. Tun da ka kwanta ciwo babu wanda ya ɗaga ta. Ƙarfafa uku sun gwada a gabana, duk ta ƙi.

Da shekara ta cika da rasuwarka, Usta Babikir ya tara mu ya ce ba ya so, amma ƙa'ida ba ta san makoki ba, za a yanka. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na roƙi a ba ni wata biyar, zuwa bayan Babbar Sallah. Da ka ji dariyar da aka yi, Yaya! Wani ya ce a ba ni, wataƙila da alƙalami zan ɗaga ta. Usta Babikir ya ce in sani Giwa ba ta iya karatun Larabci ba, don haka karanta mata littafina ba zai sa ta tashi ba. Daga baya ya yarda, kuma ya faɗa a fili cewa don darajarka ya yarda.

Ka tuna littafin? Ƙarami ne, na saye shi a ƙasa a kasuwar Umdurman wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai, shekara goma sha tara ke nan. Ba shi da bango, ba sunan wanda ya rubuta ko wanda ya fassara, kuma shafukan ƙarshe sun yage. Ba ka taɓa bari na bayyana maka abin da ke ciki har ƙarshe ba. Yau ba ka da ikon katse ni, saboda haka zan faɗa.

Littafin ya ce tsoka ba ta girma don an daɗe ana wahalar da ita. Tana girma ne idan an nemi abin da ya fi ƙarfinta a wurinta. Mutum ya ɗauki nauyi, ya ɗaga a hankali, ya sauke a hankali, ba fizga ba jifa, ya ci gaba har ya kai inda zai ba da duk abin da yake da shi amma ƙarfen ya ƙi motsi. Zubi ɗaya ke nan, kuma ya isa. Duk ɗagawar da ta gabata hanya ce kawai zuwa ga wannan ta ƙarshe da ta gagara. Daga nan sai mutum ya tafi gida ya bar jikinsa kwana huɗu ko biyar, domin a cikin hutun ne jiki yake gina abin da aka nema. Ya ce tsanani da daɗewa ba sa haɗuwa. Na gwada wannan da hankalina na ga gaskiya ne, domin wanda ya zuba gudu da iyakar ƙarfinsa ba zai kai daga Alsahafa zuwa gada ba, balle ya haye Umdurman. Littafin ya ce a rubuta komai, kuma idan lamba ta daina hawa, hutu za a ƙara. Sannan ya ce kada a karɓi magana don mai faɗinta yana da faɗin ƙirji, a tambayi dalili. Wannan ta ƙarshe ce ta kama ni. Ni da na tashi a bayanka ina siriri mai yawan tari, sai ga wani yana gaya mini cewa hankali ma yana da rabo a cikin ƙarfe.

Kai kuwa kullum ne, daga la'asar zuwa magariba, kwana shida a mako. Ni da minti ashirin kawai nake yi, ka raɗa mini suna Ustaz Minti Ashirin, har masu raksha, keken haya mai ƙafa uku, na bakin titi suka ɗauka. Ka ce rago ne ya rubuta littafin don ragwaye su sami abin kafa hujja. Ni kuma na ce maka kana rushe da yamma abin da jikinka ya gina da safe. Shekara nawa muka yi a haka? Kuma duk da haka, wa yake tsaya mini a kai idan na kwanta a benci, in ba kai ba?

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, har matata Amna. A shafukan baya na daftarina, inda nake rubuta lambobina, na buɗe maka wuri ba da saninka ba. Shekara bakwai ina rubuta sau nawa kake ɗaga Giwa a jere. Shida ne, wani lokaci bakwai. A shekararka ta ƙarshe a nadi sai na ga ya koma huɗu, sannan uku, sannan biyu. Ba wanda ya lura, domin kai ba ka taɓa bari a ga ƙarfe ya gagare ka ba. Kafin ya kai ga haka sai ka ajiye, ka yi dariya, ka ce ya isa haka kada yara su karaya. Ni kaɗai a duk Khartoum nake da lissafin. Na ga fuskarka tana kumbura. Na ga ka sassauta igiyar takalminka. Ka san abin da na rubuta a gefen shafin? Na rubuta cewa yawan aiki ne da ƙarancin hutu, kamar yadda littafi ya faɗa. Kuma na ji daɗi, Yaya. Na zauna ina jiran ranar da za ka zo ka tambaye ni dalili. Wata takwas ina jira, kafin Nafisa ta tilasta maka zuwa asibiti aka ce ƙoda ce.

Ban taɓa tambayar likitan ko da an zo da wuri da an yi wani abu ba. Tsoron amsarsa ya hana ni. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wataƙila a shafukan da suka yage akwai gargaɗi game da irin wannan. Amma ba zan ɗora wa littafin ba. Ya ce in tambayi dalili, ni kuwa na karɓi dalilin farko da ya yi mini daɗi na rufe daftari. Wane irin ƙane ne yake ganin yayansa yana raguwa, ya ɗauka hujja ce ta same shi? Ajali na Allah ne, na sani. Shiruna kuwa nawa ne. Ka yafe mini.

Da wannan a zuciyata na fara shiri. Abu na farko, wata ranar Juma'a da hantsi da ba kowa, na gangara da Giwa zuwa sikelin masu tsohon ƙarfe da ke maƙwabtaka. Kai ka ce kilo ɗari biyu ce. Ɗari da saba'in da ɗaya ce, na auna sau uku. Ban gaya wa mutanen nadi ba, kuma na roƙi mai sikelin ya riƙe bakinsa. Abu na biyu, na koma cikin abin da na rubuta ranar da ƙarfafan nan uku suka gwada, na ga duk a hannu ta kuɓuce musu, bayansu bai gaza ba. Sandar lori ta fi tafin hannu kauri. Sai na sami bututu mai kaurinta na zura a kan sandar da nake aiki da ita.

Daga nan sai kwana biyar-biyar, minti ashirin. In zo da daftari, in shafa alli a hannu, in yi zubina ɗaya har ƙarfe ya tsaya, in zauna har jiri ya sake ni, in rubuta, in hau mota. Amna ta ƙara mini ful, dafaffen waken nan namu, da madara, tana yi tana mitar cewa idan bayana ya karye ba ita za ta ɗauke ni ba. Ka sani, ɗagawar ba ta ba ni wahala kamar kwanakin hutu ba. In zauna a shago ina ganin kwanaki suna tafiya, zuciyata tana ce mini tashi ka je ka ƙara. A wata na uku lambata ta tsaya cak, zuwa uku a jere. A nan ne na kusa komawa hanyarka. Na sa tufafin nadi har na kai bakin ƙofa, na tsaya, na koma na cire. Na mai da hutun kwana bakwai. Aka ce na gudu Umdurman na ɓuya a wurin masu littattafai. Da na dawo, lambar ta hau da kilo biyar.

Ranar ta kasance Juma'a bayan la'asar, mako guda bayan Sallah. Usta Babikir ya riga ya fito da tulunan gas da wutar yanka ya jingine kusa da Giwa, wai don kada a ɓata lokaci idan Ustaz ya gama lacca. Mutane sun fi na kullum. Har mai shayin bakin warsha ta bar murhunta ta zo ta tsaya. Ba zan ɓoye maka ba, na shafa alli sau uku alhali sau ɗaya ya isa. Na yi bisimilla, na kama inda hannunka ya goge sandar har ta yi sheƙi, na ja.

Ta tashi, Yaya. A hankali ta tashi, ta wuce gwiwa, na miƙe da ita sosai, na ƙirga uku, na sauke ta ba tare da na jefar ba. Rumfar ta ɗauki kabbara. Usta Babikir, da girmansa, ya rufe fuska da hula. Aka yi ta ce mini ya isa, in saki, an gani.

Amma zubina bai ƙare ba. Na gyara riƙo na sake ja. Ta taso har ƙasan gwiwa ta tsaya. Na ba ta duk abin da ya rage mini, har idanuna suka yi duhu, ta ƙi ƙara ko ɗan yatsa. Na mai da ita ƙasa na zauna a kanta. Wasu suna ganin na ɓata ranata da hannuna. Ni kuwa da ta biyun nan nake alfahari fiye da ta farko. A gaban mutum talatin na kai iyakata, kowa ya ga inda take, kuma ban mutu ba, ba wanda ya raina ni. Me ya sa ba ka taɓa yarda mu ga taka ba? Kana tsammani da mun rage maka daraja? Da sau ɗaya ka bari ta tsaya maka a gwiwa a gabanmu, da Usta Babikir ya kama hannunka a ranar ya sa ka a raksha, bai jira ni da daftarina ba.

Ban rubuto don in ce na fi ka gaskiya ba. Kai ka ɗaga ta sau bakwai da hanyarka, ni sau ɗaya da tawa, kuma na san bambancin bakwai da ɗaya. Amma ɗayan nan ya isa aka mai da tulunan gas cikin warsha.

Ƙa'ida ta ba ta shekara guda. Shekarata hamsin da biyu, kuma na riga na tsara kwanakina har zuwa Sallah mai zuwa. Na san wata shekarar za ta ƙi ni tun a jan farko. Na roƙi Usta Babikir cewa idan ranar ta zo, ni zan riƙe wutar da hannuna, ya kuma yi alkawarin koya mini tun yanzu, ko da yake ya ce yana tsoron in tsaya auna harshen wutar da ma'auni. Wannan sai lokacinsa. Bana dai tana nan ɗungurungum, yadda ka haɗa ta.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda babu ciwo. Ka huta, Yaya.

Ni ne ƙanenka,
Abdulƙadir