Waifar Motarka da Tafiyar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya Fatakwal? Ina Anti Larai da yara? Mu nan lafiya, in ban da ƙafar Inna.

Jibi zan kai ta asibiti Kaduna, sai makunnin waifar tsohuwar motarka ya mutu, ga damina. Ka san ba a tsayawa goge gilashi a dajin nan, saboda 'yan fashi. Bakanike ya ce sai mako. Na ce ni da nake gyara sikelina da kaina, makunni zai gagare ni? Na kwance, na kankare tsatsa, na mayar da wayoyi.

Waifa ta tashi, amma duk sharar da ta yi sai fitilun gaba su ƙifta. Jiya na fita gwaji cikin yayyafi, motoci uku suka yi kwana a guje, sun ɗauka gargaɗi nake musu. Wani direba ya biyo ni: "Alhaji, a ina suka tare?" Na ce masa a dai yi hattara.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In na sake taɓawa, ina tsoron rasa duka biyun.

Ka gaida kowa. Manoma na roƙon ruwa, kai ka roƙa mana rana, jibi kaɗai, har mu fita daji.

Ƙaninka,
Bala