Dabinon Baba Idi a Ƙasan Rami

Daren Talata, unguwar Abdulkafi

Yau na gabatar da jawabi mafi girma a rayuwata, a gaban injiniya ɗaya da direbobin tifa uku. Za a cike tsohon ramin tsakuwa a gina gidaje, alhali dabinon Baba Idi yana ƙasansa, wanda ya tsiro daga ƙwallon da tsohon ya yar zamanin da yake fasa dutse a wurin.

Na ambaci tarihi, na ambaci haƙƙin tsirrai. Injiniya ya duba agogo ya ce, "Ya Hajj, bishiyar nan ba ta taɓa haihuwa ba."

Baba Idi, da ke tsaye a gefena, ya ce, "Ɗana, ai namiji ne. Duk shekara babanka yana zuwa daga garin Ghuddwa ya yanki furensa ya barbaɗa wa nasa dabinai mata. Da shi ka girma."

Injiniya ya buga waya gida ya tabbatar, sannan ya umarta a ciro dabinon da saiwarsa, a dasa shi a bakin sabon titi.

A hanya na tambayi tsohon ko jawabina ya taimaka. Ya kama hannuna ya ce, "Sosai, Malam. Da ba ka daɗe kana magana ba, da ban gane injiniyan ɗan wane ne ba."